Kyaftin Ɗin Garu, Ina Tekun?

Taubashina, ranka ya daɗe, kyaftin! An ce tun da ka samu tsohuwar kwamfutar nan ka ƙaurace wa majalisa, kullum kana ƙuryar ɗaki a Garu kana tuƙa jirgin ƙarƙashin teku a wasan Silent Hunter III na 2005. Kai da ranar da muka shiga kwalekwale a Ringim ka rungume ƙafar mai fito kana salati! Mutumin da ya tashi tsakanin duwatsu da dabino, ruwan da ya fi sani na randa ne.

Labari ya iso ni cewa nakiyoyinka masu kunamar maganaɗisu sun ƙi ka. To zauna in koya maka. Ita wannan ba a dukan jirgi da ita. Sai ka fara duba zurfin cikin jirgin a littafin da wasan ya ba ka, ka ƙara kamar mita ɗaya, ka sake ta ta bi ta ƙasa. Tana shaƙar ƙarfen sai ta tashi, ta karya masa ƙashin baya. Kai kuwa ka saita ta can ƙasa kamar mai haƙar rijiya a Kiyawa, ta wuce salin-alin, kifaye na yi mata sannu. In kuma teku ta yi fushi, igiyar ruwa na iya tayar da ita tun a hanya. Ranar sai ka koma kunamar karo, ka rage zurfi, ka doki haƙarƙari kai tsaye.

Na san me za ka ce: ai manya ma sun sha wannan kunyar. Gaskiya ne. Günther Prien na Jamus, wanda ya nutsar da jirgin Royal Oak a 1939, ya yi ta harbin banza a gaɓar Norway cikin Afrilun 1940, har shugabansa Dönitz ya hana amfani da kunamar. Amurkawa ma sai a 1943 suka cire tasu a tekun Pasifik. Amma su maganaɗisun ƙasa ne ya ruɗa musu na'ura, don ƙarfinsa na sauyawa daga wuri zuwa wuri. Kai me ya ruɗa ka, in ba tuwon dare ba?

Af, kuɗin sharata na bara ma haka ya yi. Ka ce ka harbo, ya bi ta ƙarƙashin aljihuna ya wuce, har yau ban ji ƙara ba. Cika-ciki ya kusa, bana ka rage zurfi.