Hajiya Tsaka da Gidan Gilashi

A Turai da Amurka akwai masu sayen tsaka da kuɗinsu, wata mai tukku daga tsibirin Sabuwar Kaledoniya. Har an ɗauka ta ƙare a duniya, sai a 1994 ta sake ɓulla.

Gidan gilashi ake gina mata: tsakuwa a ƙasa don ruwa ya tsane, sai turɓaya, busasshen ganye da shuke-shuke. A zuba ƙananan ƙwari, aikinsu cinye kashin Hajiya. Da yamma maigida ya yi mata feshin ruwa, yana gadin zafi kada ya wuce digiri 28. Tukwicinsa? Ta zuba masa ido, ta lashe idon da harshe.

In za ka kawo ta Kano, fara ɓoye takalman gidan tukuna.