Hukuncin Tumakin Ailan

Duk mai niyyar zaga ƙauyukan ƙasar Ailan ya shiga ƙaramin ayari, don hanyoyin yankin Kerry ba domin doguwar bas aka yi su ba. Tunkiya ɗaya mai jan fenti a gadon baya ta isa ta tsayar da bas mai mutum hamsin, tana tuƙa abinta, ko kallo ba su ishe ta ba; ƙaramar mota kuwa sai ta raɓa ta wuce. Za a ce ƙaramin ayari tsada gare shi. Haka ne. To amma kabarin Newgrange, ginin wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, lungunsa sai ɗaya bayan ɗaya, a karkace, ga duƙawa. Maginansa sun riga kamfanonin yawon buɗe ido yanke hukunci, kuma ba a ɗaukaka ƙara wurin matattu.