Gida Mai Taya Biyu: Yadda Ake Zaɓen Amalanken Kwanan Gona

Mutumin Amurka idan hayaniyar birni ta ishe shi, sai ya ɗaura ɗan ɗaki mai taya a bayan motarsa ya nufi daji, inda babu lantarki babu famfo, ya yi kwana uku ya dawo yana ba da labari. Abin ya kai har a 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci ayarin irin waɗannan ɗakuna tun daga Kef Tawun har Alƙahira. Manomin Bungudu da ya ga hotonsu a waya ba sai ya yi ƙyashi ba. Nasa na nan a ƙofar gida, sunansa amalanke, kuma injinsa harawa yake ci.

Mai neman gida mai taya ya fara duba mai ja kafin abin ja. Wanda yake da bijimai biyu da karkiya, ya sa mai walda ya haɗa masa babba. Wanda jaki ɗaya ne jarinsa, ya tsaya a kan ƙarami, domin jaki ba ya shiga gardama da baki. Idan kaya sun fi ƙarfinsa, tsayawa zai yi cik a tsakiyar hanyar Tsafe, ya kafe ƙafa huɗu, ya bar mai shi da ba masu manyan motoci haƙuri.

Daga nan sai a leƙa ƙasa. Fenti da zanen furanni a gefe ba su taɓa tsallakar da kowa rafi ba. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin shi ne ran amalanke, kuma yawanci daga tsohuwar mota ake ciro shi. A ɗaga gefe ɗaya a juya tayar da hannu: in ta yi shiru tana zagayawa, a yi ciniki, in tana kuka kamar tsohon ƙyaure, a yi sallama. A zaɓi tayar da kowane mai faci daga Gusau zuwa Kwatarkwashi ya san girmanta. Tayar da sai an aika Kano neman irinta, ta mai zama gida ce.

Lodi kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Masu tirelar Amurka sukan ce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ya sauka a kan mahaɗar da ke bayan mota. Yaron da ke kora amalanke ya san wannan tun bai iya lissafi ba: kaya masu nauyi a kan tayoyi, a ɗan rinjayar da su gaba kaɗan. Wanda ya jibge buhuna a can baya zai ga abin mamaki, sandunan amalanken su ɗaga, jaki ya tashi sama yana wutsil-wutsil da ƙafafu, yara na tafi. Wanda ya tura komai gaba kuma ya ci zalin gadon bayan dabba, kuma Allah zai tambaye shi.

Ruwa ne ke cin rabin wurin. Kowace lita kilo ɗaya ce, don haka jarka huɗu masu lita 25 sun yi nauyin babban buhun gero. Mai niyyar ɗaukar katifa, da akwatin talabijin, da janareta, da kujerar roba don baƙi, ya zauna ya yi wannan lissafi tukuna. Zai tarar tabarma, bargo, tamfol da gidan sauro sun wadatar. Bargon dai kada a raina shi. Sanyin hunturu a fili, wajen asubahin Disamba, yakan sa jarumi ya tuna da ɗakin uwargida.

Batun wuta ya zo da sauƙi yanzu. Ƙaramin faifan sola a ɗaure a saman kaya zai kunna fitila ya cika waya, ba ƙara ba hayaƙi. Fitilar ba ado ba ce: lokacin kaka kububuwa da kunama kan fake a ƙarƙashin dami, saboda haka a haska kafin a taka, a kakkaɓe takalmi kafin a saka. Firij ma akwai na ƙasa. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani; ruwan na ƙafewa, tumatir da alayyafo na shan sanyi. Sauran guzuri ba ya buƙatar ko wannan: hoce, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, kilishi in aljihu ya yarda.

Duk wannan dabara Fulani sun riga kowa. Gidansu kan hau bayan sa da safe, ƙore da tabarmi da sanduna, kafin magariba ya sake tsayawa a wani mashekari.

Saura tambayar da ta fi taya da lodi nauyi: a ina za a sauka? Nan raha ta ƙare. Mutanen Zamfara sun san zama ba layin waya, domin a Satumbar 2021 an katse sadarwa a jihar, aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Gonaki da yawa a yankin Tsafe da Bungudu, waɗanda a da ake kafa bukka a kwana ana gadin amfani, yanzu da rana ma sai da shawara ake zuwa. Saboda haka mai sabon amalanke ya tambayi mai gari da maƙwabtan gona kafin ya ɗaura, kada ya tafi shi kaɗai, ya sanar da gida inda ya nufa. In an ce masa wurin ba lafiya, ya juyo da jakinsa kafin la'asar, ya shimfiɗa tabarmarsa a tsakar gida.

Jihar da ta ɗauki noma a matsayin abin alfaharinta tun kafuwarta a 1996 tana bin hukumomi bashin abu ɗaya: su tsare hanya da gona, manomi ya sake kwana kusa da daminsa ya tashi lafiya.