Daga Gesse Zuwa Paris, Ko Aƙalla Gaya

Kafin ka koyi ko da gaisuwa da Faransanci, fara sanar da unguwa. Tafiyar karatun da maƙwabta ba su ji labarinta ba, asarar kuɗin mota ce. Bayan la'asar, lokacin da dattawan Gesse ta Birnin Kebbi ke laluben takalmansu a ƙofar masallaci, ka rusuna ka gaishe su, ka bar maganar ta suɓuce maka: jami'a za ta tura ku waje, kwas na hutun bazara, koyon harshe da al'adun Faransawa. Kada ka faɗi wace ƙasa. In an matsa maka, ka ce ana kan takardu. Waje wuri ne mai faɗi. Paris na ciki, Gaya ta Nijar ma na ciki, wadda in ka yi sammako daga tashar Kamba za ka yi azahar a can, ka dawo ka tarar da tuwon dare bai huce ba.

Baba ne zai fara gano gurguwar dabarar. Lokacin da Turawa ke hutun zafinsu, Yuni zuwa Agusta, shi gidajen rediyo suka raɗa wa bazara. To amma mu nan kwarin Rima bazararmu Afrilu ce, sa'ad da kwalta ke narkewa. Yuli da Agusta tsakiyar damina ne, fadama ta cika, ana dashen shinkafa, gero na jiran maimai. Kada ka ce ai Baba ma'aikacin gwamnati ne. A Kebbi ko babban sakatare yana da gona. Zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "To, wa zai tsaya mini kan 'yan ƙwadago?" Nan sai ka sunkuyar da kai ka ce, "Baba, ai tun 1996 Janar Abacha ya ce Faransanci ne harshen hukuma na biyu a Nijeriya." Gaskiya ka faɗa. Kada dai ka ba shi sararin tambayar wane ofis ya taɓa aiko masa da takarda cikin harshen. Ka wuce wajen Hajiya kai tsaye, ita ke da adashi.

Yanzu sai zaɓen ƙasa. Faransa kanta tana da makarantun da suka ƙware a kan ɗaliban hutu: akwai CAVILAM a garin Vishi tun 1964, akwai CLA ta jami'ar Bezanson tun 1958, kowace shekara baƙi na cika su daga ko'ina a duniya. Abin da ake nema a wurinka kaɗan ne. Fasfo, takardar karɓa daga makarantar, inshorar lafiya, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanan asusun banki da ke nuna ba ka san talauci ba, da Yuro 90 na biza wanda ba a mayarwa ko an hana ka. Shawarata ka nema duk da haka. Wanda ya je Abuja aka hana shi biza yana da matsayi a majalisar shayi. Zai iya cewa siyasa ce, a jinjina masa kai.

In kuwa Allah ya sa an ba ka, to ka shirya wa rana, don can ba ta san lokacin tashi aiki ba. A ƙarshen Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare take faɗuwa a Paris, ka yi isha'i kusan tsakar dare, kafin ka gyara kwanciya asuba ta yi. Babban masallacin Paris yana nan tun 1926, ka je Juma'a ka ɗauki hoto, Hajiya ta kwantar da hankalinta. A ɗakin cin abinci ka koyi tambayar ko da naman alade a ciki kafin ka koyi komai. Wannan jimla ɗaya za ka fi kowace amfani da ita, kuma ita kaɗai za ka dawo da ita ba gyara. In matar gidan da aka sauke ka ta matso da kumatunta don gaisuwa, ka dafe ƙirji ka yi tari. Kana gama mako guda kewar gida za ta kai ka kasuwar Shato Ruj, inda ake sayar da kuɓewa da busasshen kifi, ka haɗu da wani ɗan Damagaram, shi ke nan karatu ya ƙare. Dama a Agusta mutanen Paris kan kulle shagunansu su tafi bakin teku, ko ka so yin Faransanci sai da 'yan yawon buɗe ido irinka.

Mafi yawan ɗaliban Faransanci na jami'o'inmu ba su kai wa ga wannan wahalar, domin gwamnati ta tausaya musu tuntuni. A da, ɗalibin da ya kai shekara ta uku akan tura shi Faransa ko wata ƙasar rainonta, musamman birnin Lome, ya yi zaman da harshen zai kama bakinsa. Da Naira ta faɗi aka ga abin ya fi ƙarfin aljihu, sai a 1991 aka kafa Ƙauyen Faransanci na Nijeriya a Ajara, Badagry, aka ce nan ne waje. Don haka ɗan Kebbin da ke karanta Faransanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda jiharsa ke da iyaka da ƙasa biyu masu amfani da harshen, Nijar da Benin, zai ɗauki akwatinsa ya bi Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, ya haye Jebba, ya ratsa Ilori da Badun da cunkoson Legas, ya kwana a hanya, don ya isa inda zai ji Faransanci. Can ƙa'ida ita ce ba a magana sai da shi. Ka kiyaye ta sosai a gaban malamai. Mai sayar da burodi a bakin ƙofa kuwa Yarabanci take ji da Turancin buroka, kuma kada ka yi mamaki in ka dawo ka fi ƙwarewa a na biyun. Riba ɗaya da za ka ci a aji: abokanka na kudu za su yi ta kuka da rabon kalmomi maza da mata, kai kuwa da shi aka yaye ka. Sai dai Faransawa sun juya abin, rana namiji ce a wurinsu, wata kuma mace, ka yi haƙuri ka bi su a haka.

Ni dai hanyar Kamba nake yaba maka. Ka bi Kalgo da Bunza, ka sauka Kamba, ka canza Nairarka ta koma sefa wajen 'yan canji, ka hau kabu-kabu, ga ka a ƙasar waje ba jirgi ba biza. Ka riƙe takardunka da kyau; tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyakar nan ta sha rufewa da buɗewa, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, jandarma ba ya wasa da katin shaida. A shingen farko ne za ka yi jarrabawarka ta baka. Za ka tattaro duk abin da ka haddace, ka miƙe wuya ka ce bonju, ka fara jimlar da ka kwana kana shiryawa. Jandarman zai saurare ka har ka kai tsakiya ka maƙale, sannan ya ce, "Samari, mi kaka biɗa? Yi Hausa mu gama, akwai mutane bayanka."

Wannan shi ne babban haɗarin da ke gabanka, kuma ba a Gaya kaɗai ba. A Doso Zabarmanci za ka ji, a bakin kogi Dandanci, a Dogon Dutse Hausar Arewa wadda ta fi taka tsufa. A Yamai ma, in ka fita daga harabar Jami'ar Abdu Mumuni ka haye gada ka shiga kasuwa, da Hausa za ka sayi kilishi, da ita za ka yi rigimar kuɗin tasi. Mutane ne masu karamci, ba za su bari baƙo ya wahala da bakin Nasara alhali ga na gida ba. In kana son a yi maka Faransanci dole, sai ka nemi ofis, ko banki, ko ka yi laifin hanya.

Ka kuma hanzarta, don kayan da za ka je saye ana kwashe su daga kanti. A Oktoban 2024 titin De Gol na Yamai ya koma titin Djibo Bakary, cibiyar al'adun da ke ɗauke da sunan Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane. A Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin mulkinta kuma ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wato za ka bar gida ka tsallaka iyaka neman harshen da masu shi ke sassauta masa riƙo, a ƙasar da ta ɗaukaka wanda kake yi da Hajiya a tsakar gida. In rabo ya rantse, kana iya zuwa ɗalibi ka dawo malami.

Darasin da ba za ka tsallake ba shi ne lissafi. Bafaranshe ba ya da saba'in, sai sittin da goma. Tamanin ɗinsa ashirin huɗu ne. Tis'in da tara kuwa ashirin huɗu da goma da tara. Kana fama da wannan sai mai dambu ta ce maka dala tamanin. A kasuwar Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, don haka sefa 400 take nufi. Dala ɗari sefa 500, jikka guda sefa 1,000. Za ka tsaya riƙe da kwano kana ninkawa da biyar, kana fassarawa zuwa Faransanci don kada zuwanka ya zama banza, kana mayarwa Naira don ka san ko an cuce ka, dambun na sanyi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe tafin hannu da kuɗin a kai ta ɗauki nata. Ba za ta ƙware ka ba, sai dai za ta ba maƙwabciyarta labari kana tsaye.

Sashen al'adu ba ya da wuya. Ka ci dogon burodin nan mai ɓawo da shayin safe, ka koyi yin barcin rana tsakanin azahar da la'asar da sunan tsarin aiki. In har ka ƙwallafa rai sai ka taka ƙasa ta biyu, Malanbil ta Benin na tsallaken kogin Kwara daga Gaya. Gadar ta daɗe a rufe bayan 2023, amma masu kwalekwale ba su taɓa jin sanarwar ba, kai kuma jikan Kabawa ne, ba a tsorata ka da ruwa. Kuma in wani ya nemi raina maka wayo cewa ka zo daga inda ba a san Faransawa ba, ka tuna masa cewa su suka fara zuwa mana. A 1891 Kyaftin Monteil ya sauka Argungu zamanin Sarkin Kabi Sama, a hanyarsa ta zuwa Sakkwato da Kano da Kukawa, ba wanda ya tambaye shi bayanan banki, kuma da tafinta ya yi magana. A 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinken kamfas a kan Sakkwato suka zana da'ira mai nisan mil 100 suka ce iyaka ce, sannan suka gyara ta a 1904 da 1906 don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, har Birnin Ƙwanni ta faɗa hannunsu. Da hannun mai zanen ya ɗan karkace, da yanzu kawunka na can ne ke neman kwas ɗin Turanci a Gesse. In kana son abin karantawa, ka nemi littafin Abdoulaye Mamani na 1980 a kan Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Da Faransanci ya rubuta shi, labarin kuwa na maƙwabtanka ne, za ka fahimci rabinsa ko ba ƙamus.

Dawowa ita ce ainihin sana'ar. Ko daga Gaya kake, kada ka shigo unguwa da rana tsaka a kan babur. Ka jira magariba, ka ɗauki shatar mota daga tasha. Mako biyun farko ka riƙa mantuwa. In an miƙo maka ruwa ka ce marsi, sannan ka dafe goshi ka ce, "Au, na gode." Ka riƙa ɗaga kafaɗa kana tura leɓe in an tambaye ka abu. In an kawo wuta ka yi shiru, in an ɗauke ka yi tsaki ka ce can ba haka ba ne, ba tare da ka fayyace can ɗin ba. Yamai dai ta daɗe tana shan wutar da ke bi ta layin Birnin Kebbi, don haka kada ka zurfafa.

Ranar ƙin dillanci tana zuwa. Alhajin da ke fataucin albasa da shinkafa zai aiko yaro ya kira ka, ya shimfiɗa maka takardar duwan mai hatimi uku, ya ce, "Ɗana, an ce ka sha Faransanci, duba mini abin da mutanen nan suka rubuta." Shi fa bai taɓa shiga aji ba, amma shekara da shekaru yana ciniki daga Kamba har Kwatano, ya san abin da ke ciki sarai, kai yake aunawa. Ka karɓa da hannu biyu, ka nisantar da ita daga ido, ka matso da ita, ka motsa leɓe. Sannan ka ce, "Alhaji, wannan ai Faransancin kwastan ne, mu na adabi aka koya mana." In ya ce to karanta masa adadin kuɗin kawai, ka ce ka bar tabarau a gida, ka roƙi ya ba ka takardar zuwa gobe. Akwai wani tela ɗan Doso a bayan kasuwa, ba ya rufe shago sai goma na dare.