Masu Kawo Injin Shaɗaranji Gyara a Shara Mansur

Stockfish, injin shaɗaranji, kyauta ne, ko halala ɗaya ba a biya. Tun da aka fito da shi a 2008 yake ƙara ƙarfi, har ta kai yau babu ɗan Adam da zai zauna gabansa ya tashi da mutuncinsa, ko da Magnus Carlsen ne. Ɗora shi a kwamfuta kuwa aikin minti biyar ne. Sai dai a majalisarmu ta 'yan shaɗaranji a Shara Mansur, inda Hausawan Makka ke taruwa bayan Isha'i, minti biyar ɗin nan kan kai mutum kiran Assalatu. Ni ake kawo wa, don an taɓa ganina ina canza wa wata kwamfuta batir, shi ke nan aka naɗa ni Muhandis. Masu kawowar kuwa kowa da irin tasa cutar.

Akwai Mai Baƙin Allo. Shi da gudu yake zuwa: "Muhandis, an yi min kutse!" Ya sauke injin ya danna, yana jiran ganin dawakai da giwaye, sai ga wata baƙar taga da ɗan rubutu a samanta. Ka zaunar da shi ka yi masa bayani: inji lissafi kaɗai ya iya, ba shi da fuska. Sai an haɗa shi da manhajar allo, irin su Arena ko Fritz, ko DroidFish a waya. Ita ce ke zana gidaje 64 ɗin, ta kai masa tambaya ta karɓo amsa, da wani yare da ake kira UCI, wanda Rudolf Huber da Stefan Meyer-Kahlen suka fitar a 2000. Don ka kwantar masa da hankali sai ka rubuta uci a baƙar tagar. Inji ya jero bayanansa, ya rufe da uciok, alamar lafiyarsa lau. Mutumin ya ja da baya, ya ce, "La haula! To wa ke amsa maka daga can?"

Mai Son Babba ya fi shi wayo, kuma wayon ne matsalarsa. Shafin Stockfish kan jera fayiloli gwargwadon ƙarfin ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai na avx2, akwai na bmi2, akwai na tsofaffi. Shi ba ya duba wanda ya dace da tasa, wanda sunansa ya fi ban tsoro yake ɗauka. Kwamfutar kuwa a gwanjon Sawarikh na Jidda ya tsinto ta, ta girmi 2013, shekarar da Intel ya fara saka avx2. Inji na tashi sai ya faɗi. Ka ba shi na tsofaffi, ya karɓa yana ɓata rai, sannan ya shiga saiti. Hash, wato rumbun da inji ke ajiye abin da ya riga ya lissafa, yana zuwa a megabait 16, sai ya ba shi duk abin da kwamfutar ta mallaka. Threads yana 1, ya mai da shi 64. A zafin Makka da ke haura digiri 40, fankar cikinta ta kama kuka kamar injin markaɗe ranar jajibiri. In ta mutu ya ce ai Turawa ne suka rage wa na kyauta ƙarfi.

Rigimar littafin buɗe wasa ta fi kowace daɗewa, don mutum biyu ne a cikinta kuma kowa na ganin ɗayan ne bai gane ba. Littafin fayil ne da aka tara matakan farko na wasa a ciki, Sisiliya ce, Ruy Lopez ce, tsarin Landan ne, don kada inji ya ɓata lokaci kan abin da aka daɗe da sani. Stockfish ba ya zuwa da nasa, manhajar allo ce ke riƙe masa. Na farkon bai saka littafi ba, sai ya ga inji ya tsaya yana tunani a matakin farko. "Wannan ne gwanin duniya? Jikana ma ya san sojan gaban sarki ake fara turawa." Na biyun ya saka, inji ya watso matakai goma ko ƙiftawa babu. "Ka gani? Ba ya tunani. Haddace ya yi." Ranar da Allah ya haɗa su a tabarma ɗaya, kowa ya ce a mayar masa da irin na ɗan'uwansa. Aka musanya musu. Washegari suka dawo da ƙorafin juna.

Yayansu shi ne Mai Tara Littattafai, wanda foldarsa ta fi ta kowa cika kuma ko ɗaya ba ya buɗewa. Kowace manhaja da irin abin da take karantawa: Arena da .abk, Fritz da ChessBase da .ctg, sai .bin na Polyglot da manhajoji da yawa ke karɓa. Shi sai ya ɗauko na Fritz ya cusa wa Arena, ta ƙi. Ya yi shiru, can dabara ta faɗo masa: ya goge ctg a ƙarshen sunan ya rubuta abk. Da ta sake ƙi, ya ce manhajar ce ba ta da tarbiyya.

Wani kuma duk abin da ya yi daidai ne, illa foldar da ya zuba injin sunanta da Larabci, tsohuwar manhajar allonsa kuwa alamun tambaya kawai take gani a wurin. Na ce, "Baba, a canza sunan zuwa boko." Ya ce sunan autarsa ne, ba mai taɓa shi.

Ustaz ba ya kawo kwamfuta, nasiha yake kawowa, kuma da hujjarsa. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a zaure ta hana wasan, ta kuma karhanta zama wurin masu yi da kallonsu. A Janairun 2016 maganar Babban Muftin Saudiyya na lokacin, Sheikh Abdul'aziz Al Sheikh, ta bazu, inda ya ce ɓata lokaci ne da dukiya, yana kuma haddasa gaba. 'Yan majalisa su ce ai Shafi'awa karhanci kawai suka ce, kuma a Disambar 2017 a Riyad aka yi gasar duniya ta wasan sauri da sunan Sarki Salman. Ustaz ya ce gasa ba dalili ba ce, kuma nan ya fi su gaskiya. Abin da ban gane ba shi ne yadda nasihar ke ɗaukar awa biyu. Ba ya zama, a tsaye yake. Ba ya kallo, da wutsiyar ido yake leƙe. Can ƙasa-ƙasa ka ji ya ce, "Ni ba ruwana, amma wazirinka a bakin doki yake."

Lokacin Umara kuma sai Alhajin Gida, daga Kano ko Maraɗi, jirginsa gobe, ɗansa ya rubuto masa saƙo a takarda: Syzygy. Kundin ƙarshen wasa ne da Ronald de Man ya fitar a 2013, an warware kowane matsayi in 'ya'yan sun ragu. Na guda biyar bai cika gigabait 1 ba, na shida ya kai wajen 150, na bakwai kuwa ya haura terabait 16. Alhaji na bakwai yake so, don shi ba ya sayen ƙaramin abu. Ya miƙo filashi mai gigabait 8, rabi cike da hotunan Jabalur Rahma. In ya koma gida zai kira ka ƙarfe goma sha biyun darensu, ya manta a Makka biyun dare ne.

Sai Zakara. Buƙatarsa ɗaya: a nuna masa Skill Level, wanda ke tashi daga 0 zuwa 20. Ya sauke shi ƙasa ƙurmus, ya ci wasa, ya ɗauki hoto ya ɗora a WhatsApp: "Alhamdulillah, yau na kayar da Stockfish." Tun Mayun 1997 da Deep Blue ya kayar da Garry Kasparov duniya ke jiran mai rama wa ɗan Adam, ashe yana unguwar Hindawiyya.

Wanda kawai na ƙi wa aiki shi ne Mai Sabunta Alwala. A waya yake son injin, da sautin a kashe. Wasa na sauƙi alwalarsa lafiya lau, da an matsa wa sarkinsa sai ta warware. Ya shiga bayi minti uku, ya fito da matakin da ba a taɓa gani a zuriyarsu ba. A 2019 an kama Igors Rausis, babban gwani, da waya a bayi a gasar Strasbourg ta Faransa, hukumar FIDE ta dakatar da shi shekara shida. Mu ba mu da hukuma, kwandon zuba waya muka ajiye a ƙofar bayin.

Mai son kawo tasa kwamfutar ya zo bayan Isha'i, ya taho da caja, ya san shekarar da aka ƙera ta, ya kuma sa wa foldar suna da boko tun daga gida. Ladan aiki shayin Adani ne kofi biyu, kuma kafin a fara ake biya.