Atishawar Bazara da Likitocin Gindin Darbejiya

Idan hunturu ya naɗe tabarmarsa, bazara ta kunno kai, itatuwan darbejiya na Sule Tankarkar suka fitar da fararen furanninsu masu ƙamshi, a nan ne wata jama'a daga cikin bayin Allah ke shiga ibtila'in da ba zazzaɓi ba ne, ba kuma mura ta haƙiƙa ba, illa atishawa bi da bi, da ƙaiƙayin hanci, da idanu jawur suna zubar da hawaye alhali ba a yi rashi ba. Malaman fiƙihu sun yi wa al'umma rangwame da suka ce mai atishawa, idan ya yi hamdala, a gai da shi har sau uku, abin da ya ɗara haka kuwa sai addu'ar samun lafiya. Da ba don wannan ba, da akwai majalisun da za su wuni ba su furta komai ba face Yarhamukallahu.

To, amma abin da shari'a ta sauƙaƙa mu muka tsananta, domin da zarar gaisuwa ta ƙare sai a buɗe asibiti. Wannan ya ce, “Malam, sanyi ne, ka bar ruwan randa,” a lokacin da rana ke neman narka kwalta a hanyar Gumel. Wancan ya girgiza kai ya ce, “Alhaji, basir ne ya hau sama,” gama a ƙasarmu babu wata cuta, tun daga amosani har zuwa karayar jari, da ba a iya jingina ta ga basir. Daga nan fatawoyi su yi ta sauka: citta da kanumfari da masoro a shayi, habbatus sauda da zuma kafin karin kumallo, tafarnuwa a tauna, wani ma ya ce a cusa ta a hanci, wadda in ba ta kori cutar ba, lalle za ta kori 'yan dubiya. Ran Alhamis kuma a aika kasuwar Maigatari a sayo kwalbar mai lasifika, wadda ke warkar da atishawa da ciwon baya da rashin ciniki a farashi ɗaya. Da dare gwaggo ta tafasa ganye, ta lulluɓe majinyaci da bargo ya yi sirace, ganyen kuwa na darbejiyar nan ne da ya wuni a gindinta.

Abin ta'ajibi, duk wannan shawara a ƙarƙashin wadda ake tuhuma ake yin ta, babu kuma mai ɗaga kai ya dube ta. Ita dai baƙuwa ce daga ƙasar Hindu, ta shigo Nijeriya ta Barno a 1928, ta tare mana hamada, ta ba mu inuwa, saboda haka laifinta ya zama laifin mai kyauta, wanda ba a faɗa a bainar jama'a. Alhali tun fiye da shekara dubu Abubakar Arrazi, likitan nan na Bagadaza, ya wallafa risala a kan murar da ke kama mutum idan wardi ya yi fure, sa'an nan a 1873 wani likitan Ingila, Charles Blackley, ya wallafa yadda ya shaƙi garin fure da gangan, ya kuma tabbatar da abin a kan hancin kansa. Jikin wasu mutane ne ke ɗaukar wannan gari, ɗan'uwan bununin gero, a matsayin abokin gaba, ya saki sinadarin histamin, hanci ya kumbura ya kama yoyo. Ƙura kuma, wadda ba ta yankewa a nan, ta ƙara wa Barno dawaki.

Abin da ke rage wahalar sananne ne, aibinsa guda, ba shi da ɗaci ba shi da tsada. A tafasa ruwa da ɗan gishiri, ya huce, a kurkure hanci. A kyautata shaƙa ruwa da fyacewa a alwala maimakon shafar leɓe da wasunmu ke yi. A ja amawali ko takunkumi idan iska ta taso. A wanke fuska a sauya riga bayan an dawo gida. A daina shanya tufafi a gindin itace mai fure. Zuma tana sanyaya maƙogwaro, wannan gaskiya ne, amma ba ta hana itace fure. Wanda kuwa ƙirjinsa ya fara fito, numfashi na sarƙewa, nasa ya wuce majalisa, sai Babban Asibitin Gumel.

Saura magani ɗaya, mafi ƙarfi, wato mutum ya ƙaurace wa gindin darbejiya zuwa zaure har furen ya kaɗe. Wannan kam majalisa ta yi ijma'i a kan rashin ingancinsa, majinyaci da kansa ya sa hannu, domin ya san sarai wanda ya fara tashi daga tabarma shi ne darasin da za a karanta har la'asar. Saboda haka ya gyara zama, ya fyace, ya nemi a ninka masa tafarnuwa.