Mota Ta Unguwa Ce, Juye Na Mai Ita Ne

A Magarya ko Dungas, in mutum ya sayi mota, kafin la'asar unguwa ta sani. Sai mu zo mu kewaye ta, wani ya daddanna taya da ƙafa, wani ya leƙa ciki ya ce a kunna sanyi ya ji, dattijo ya dafa murfin injin ya roƙi Allah ya kaɗe tsautsayi, ya sa an sayi alheri. Tambayoyinmu kuma ba sa canzawa. Nawa ka saye ta? Ta Kwatano ce ko a Kano ka samo? Tana shan mai? Za ta iya yashin Guci? Sai a watse ba wanda ya tambayi wane irin baƙin mai injin nan yake so, balle yaushe rabon a yi masa juye.

In dai maganar fetur ce, kowa malami ne a garin nan. Shekara da shekaru man Najeriya muka yi ta zubawa, a kwalba da jarka, wajen 'yan ruwa-ruwa, duk da matatar SORAZ da ke arewa da Damagaram tana aiki tun 2011. Ba wanda ya manta ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai, man kwalba ya yi tsada ya yi wuya, masu motoci suka koma gidan mai. Mun san lokacin da gwamnati ta sauko da lita zuwa sefa 499 a 2024, dala ɗari ba kaɗan, kuma mun san layin da aka sha a watan Maris na 2025. Duk fadar shayin da ka zauna, za a lissafa maka wannan tiryan-tiryan. Fetur kullum ake sayensa, shi ya sa kullum yake bakinmu. Baƙin mai kuwa sai wata da watanni, a cikin injin yake ba a ganinsa, sai muka bar maganarsa a hannun yaron gareji.

Ku je ku tsaya rumfar mai sayar da baƙin mai a bakin tasha, ku ga yadda muke ciniki. Alhaji ya faka, yaro ya taso da gudu.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Wanne za a zuba?"

"Kawo mai kaurin nan in gani, yaro."

Sai a buɗe, Alhaji ya tsoma ɗan yatsa, ya murza da babban yatsa, ya raba su a hankali yana kallon zaren da man ke ja. In zaren ya yi tsawo kafin ya tsinke, sai ya gyaɗa kai: "Wannan shi ne mai, zuba." In ya ji shi tsararo, ya ce ruwa ne, a mayar. Hukunci ya ƙare ke nan, ba wanda ya dubi rubutun da ke jikin galan.

Alhaji ba daga sama ya ɗauko wannan ba, yana da dalilinsa. Motocin da iyayenmu suka saba da su, irin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da tsofaffin Land Cruiser da Hiace, injinansu sun yi shekaru suna aiki, ƙarfe ya ci ƙarfe, rata ta buɗe, mai kauri ne ke toshe musu ita ya rage hayaƙi. A zafin Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, wannan tunani yana kan hanya ga irin waɗannan motoci. Matsalar ita ce motocin sun canza, yatsan bai canza ba. Corolla da Camry da ake shigo mana da su yanzu, hanyoyin man da ke cikin injinsu ƙanana ne ƙwarai, kuma akwai sassan da matsin man ne ke motsa su. Ka ɗura musu mai kauri, da asubar hunturu ka tayar, sai man ya ɗau lokaci kafin ya hau sama, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. Yawancin cin da injin ke yi wa kansa a irin wannan lokacin ne, farkon tashi.

Lambobin nan na jikin galan ba ado ba ne. In ka ga 20W-50 ko 15W-40 ko 5W-30, lambar farko tana faɗin yadda man ke gudu lokacin da injin yake a sanyaye, ta biyun kuma kaurinsa bayan injin ya ɗau zafi. A inda aka rubuta API, in haruffan da suka biyo baya sun fara da S, na motar fetur ne. In C ne, na gas ne. Sau da yawa wanda motarka ke so yana rubuce a kan murfin da ake buɗewa a zuba man, sai dai ƙura ta rufe shi. Goge ka duba. Masu babur ma da nasu: kulocin yawancin baburanmu a cikin man injin yake wanka, shi ya sa wani man mota in ka zuba, sai ka ji babur na kuka amma ba ya ja.

Abin da ya fi damuna da gwajin yatsa shi ne macuta sun san shi. Man kirki gauraye ne: akwai tushen man, akwai sinadaran da ake ƙara masa, masu wanke dauɗa, masu hana tsatsa, masu hana shi tsinkewa in wuta ta yi wuta. Sinadaran nan su ne masu tsada, kuma yatsa ba ya jin su. Sai mutum ya samo tushen man zalla, ko ma tsohon da aka tace, ya ɗura a galan mai sunan kamfani, ya liƙe baki. Hukumar SON ta Najeriya, mai kula da ingancin kaya, ta sha kama irin wannan, kuma tun da kasuwarmu da ta Baɓura da Maigatari da Kano tamkar ɗaya ce, abin da ya kuɓuce musu can yana iya ƙarewa a rumfunanmu. Mu ma muna taimakawa ba mu sani ba. Galan ɗin da aka juye wa motarka, ka bari a gareji da murfinsa da takardarsa lafiya lau, ina kake zaton zai nufa? Ka sa a huda shi ko a yanke bakinsa a gabanka. Wanda ake aunawa a kwalba daga duro kuwa, babu ko sunan da za ka kama, sai amanar mai sayarwa kawai. Arha dai ba ta ado.

Sai kuma ciko, wanda ya zame mana jiki. Ka tambayi direba yaushe ya yi juye, sai ya ce, "Haba maigida, ai shekaranjiya na yi ciko." Ya ɗauka tun da sabon mai na shiga, tsohon ya sabunta. Alhali dauɗar da ƙurar da ɓurɓushin ƙarfen suna nan kwance a ƙasa, sabon ya je ya same su. Ranar da aka daure aka yi juyen kuma, in bakanike ya ce a canza filta, sai a ce da sauranta, a bari sai wani karon, sabon man ya bi ta cikin tsohuwar dauɗa tun ranar farko.

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a tasha: wai man da ya yi baƙi da wuri ba shi da kyau, wanda ya daɗe garau shi ne na gaske. Ni dai ban yarda ba. Aikin man ne ya kwashe toka da dauɗa ya riƙe su, kuma in yana aikinsa dole ya yi baƙi, musamman a motar gas. Wanda ya yi wata biyu yana sheƙi kamar jiya aka zuba, shi ya kamata a yi wa kallon tuhuma, don mai yiwuwa dauɗar ya bari manne a jikin injin.

To yaushe ne lokacin juyen? Mu dai lokacinmu sananne ne: daren da za a yi tafiya Damagaram ko Kano, ko jajibirin salla. A nan ne za ka ga layi a gareji, kowa na gaggawa, bakanike na aiki da fitilar waya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanonin mota da kansu suna raba lissafi biyu, na hanya mai kyau da na hanya mai wahala, kuma duk abin da suka lissafa a matsayin wahala muna da shi: ƙura, zafi, lodi, tafiya a ƙaramar giya. Da zarar ka sauka daga kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi Bande ta shigo Magarya ta nufi Tinkim, to kai da yashi ne. Motar da ta ɗauko rake daga fadamun Waca, ko ta kwaso awaki da buhunan wake da riɗi ta nufi Maigatari ranar Alhamis, da mutane a sama, injinta na ihu ne tana tafiyar hawainiya. Kilomita kaɗan ta ci, wahala mai yawa ta sha. A irin wannan hali, da man da muke samu, kilomita 5,000 iyaka ce mai kyau. Hiace mai zuwa Damagaram ta dawo kullum, kusan kilomita 200 ke nan, ba ta cika wata guda ba ta kai. Wadda ke ajiye a gida sai Juma'a ko biki, ita ma kada ta wuce wata shida, don mai na lalacewa ko ba a tafiya. A kuma lura da motocin da suka fito daga Amurka, da yawansu da mil suke ƙirga. In ka jira agogo ya nuna 5,000, ka riga ka ci kilomita 8,000. Wanda agogonsa ya mutu, kuma suna da yawa, ya ƙirga da kwanaki.

Ƙurar hunturu da kanta abin magana ce. Filtar iska in ta toshe, sai mu cire mu bubbuga a jikin taya, ko a hura ta da iskar mai faci har ta yage, a mayar. Wasu ma sukan cire ta ɗungurungum wai mota ta samu numfashi. Rairayin da ya shiga ta nan shi ke cinye ringi, mota ta fara hayaƙi, ta fara shan baƙin mai, a koma ciko. Lagireto kuma ruwan rijiya muke ɗura masa, ga ruwan wasu wuraren namu da kanwa a ciki, sai ya daskare ya toshe hanyoyi, mota ta fara zafi. Maganin da aka saba shi ne a cire ɗan abin nan mai daidaita zafin injin a jefar, a ce na ƙasar Turawa ne. Toshewar tana nan inda take, an dai ƙara wata matsala a kanta.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne, a wajenmu mota ba ta mai ita kaɗai ba ce. Unguwa guda, ko ƙauye guda, wani lokaci mota ɗaya ce. Ita ce ta kai amarya, ita ce ta zuwa ta'aziyya, ita ake buga wa ƙofa ƙarfe biyun dare in naƙuda ta zo da gardama. Da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ita ce ke ɗauko yaro daga wajen Malawa ko Dogo-Dogo ko Yekuwa a nufi asibiti, wasu har Magarya, inda likitocin MSF ke kula da yara tun 2005. Mai motar ba ya iya cewa a'a, kuma bai kamata ya ce ba. Wanda ya ara in ya kyauta ya zuba fetur na jikka biyu ko uku, ya yi godiya. Amma yaushe kuka taɓa jin maƙwabci ya ce, "Malam, motar nan ta yi mana wahala a watan nan, ga gudunmawata ta juye"? Hidima ta kowa ce, ranar da injin ya buga kuwa sai a bar shi shi kaɗai yana neman na hannu a Kano, wani lokaci sai ya sayar da bijimi ko ya jinginar da gona. Motar ta yi wata shida a kan duwatsu, kaji na kwana ƙarƙashinta, kuma daren da aka buƙace ta a koma neman amalanke.

Ga direbobi matasa kuma, jar fitilar nan mai kamar buta in ta kama kana tafiya, ba ta ce ka lallaɓa ka isa gari ba. Cewa take man ba ya zagayawa. Tsaya nan take ka kashe, ko da a tsakiyar daji ne, don minti kaɗan sun isa su kashe injin.

Saura tsohon man da aka juye. Ba ma zubar da komai, shi ma mun samar masa aiki: a shafa wa azara da ƙyaure don gara, a ɗiga a gatarin amalanke. Wannan da sauƙi. Amma shafa shi a gyambon jaki ko raƙumi, ko a kan yaro mai makero, cuta ce ake ƙara wa cuta, domin cike yake da gubar ƙarfe da ta ƙonewa. Haka ma masu injin ban-ruwa da ke yin juye a bakin rijiyar lambu su bar shi ya tsiyaye a ƙasa. A fadamunmu ruwa kusa yake, kamu kaɗan ka haƙa ka same shi, kuma shi muke sha, shi muke ba rake da albasa.

Don Allah 'yan uwa, masu gareji ku tanadi duro guda na tara tsohon mai. Masu mota, duk ranar da aka yi juye, a rubuta kwanan wata da kilomita da irin man a 'yar takarda a liƙa a jikin ƙofar direba. Mu kuma da muke ara, in mun dawo da makulli, mu haɗa da kuɗin lita ɗaya ta baƙin mai.